Motar Tela a Tsallaken Iyaka

Duk motar da ke unguwar nan Tela ya shiga cikinta, amma da gwiwa. Sana'arsa ke nan, ɗinka wa kujerun mota riga. Mai mota zai faka a ƙofar shago ya tafi harkarsa, shi kuma Tela ya tuɓe takalmi ya rarrafa ciki, tef ɗin awo a wuya, alli a bayan kunne, allurai a baki, ya auna mazauni, ya auna majingina, ya auna wurin ɗora ƙeya. Shekara da shekaru yana haka, har ya kai in aka rufe masa ido aka ɗora hannunsa a kan kujera, zai gaya maka irin motar, da nauyin mai ita, da ko matarsa tana barin yara su ci abinci a baya. Abu ɗaya ne bai taɓa yi a mota ba, wato ya zauna a bayan sitiyari ya ce tasa ce.

Mutum ne siriri, mai sanyin hali, sai dai a kan abu guda tak yake da zuciya: ɗinki mai sako-sako. In ya ga rigar kujera ta yi jaka ko ta tattare, sai ya kau da kai kamar ya ga abin kunya. A wurinsa ɗinkin kirki shi ne wanda ya kama jiki tsam, ba a bar sararin da ya wuce yatsu biyu ba. Yakan ce sarari ɓarnar yadi ne, kuma nan ragon tela ke ɓuya. Yana da wata ɗabi'a kuma, ba ya goge layin allinsa daga jikin aiki sai mai aikin ya zauna a kai ya ce ya yi.

Lokacin da yake neman matar da ya aura, ba shi da ko keke in ban da na ɗinki, shi ma na ubangidansa ne. Wata rana ta biyo ta shagon da aike, ta same shi yana saka wa wata zungureriyar mota riga. Don neman suna, ya buɗe mata ƙofar gaba ya ce ta zauna ta ji ko ɗinkin ya yi. Ta leƙa, ta ce ita ba ta zama a kujerar matar wani. Shi kuma da yake samartaka na ɗibarsa, ya dafa ƙirji ya ce to ta jira tata, shi zai ɗinka, shi zai tuƙa, ita tana gaba. Ta yi dariya ta wuce. Maganar ba ta daɗe a bakinsa ba, amma ita ta cinye masa rabin rayuwa.

Aka yi aure, yara suka zo, suka girma. Duk sanda ɗan abin da Tela ke tarawa ya fara kama da kuɗin taya biyu, sai wani ya ci jarrabawa, ko rufi ya fara yoyo, ko haƙori ya tashi ciwo. Matarsa ba ta taɓa tuna masa alkawarin ba ko da wasa, kuma wannan shirun ya fi gori cin rai. Abin da ya lura kawai shi ne in sun tare tasi, ko direba ya buɗe mata gaba saboda ciwon gwiwar da ya fara damunta, sai ta ce a'a, ta cusa kanta a baya cikin mutane da kaya. Tela ya ɗauka tsoron hanya ne, har yakan yi mata dariya.

Yana da ƙanwa da aure ya kai ta ƙasar maƙwabta, tafiyar yini a bas. Mijinta mutum ne mai faɗin fuska da faɗin alkawari, ba a taɓa kawo masa magana ya rasa amsa ba, amsar kuwa ɗaya ce kullum, shi ya sa kowa har 'ya'yansa ke kiransa Ba-Matsala. Wata shekara Tela ya je duba ƙanwar bayan ta yi jinya, surukin nasa ya ɗauke shi yawon ganin gari, suka bi ta filin dillalan motoci. Nan Tela ya tsaya cak. Ga wata 'yar mota ruwan toka, irinta sak da wadda ya yi wa riga a makon da ya wuce. Ya sa aka tambayi kuɗinta, Ba-Matsala ya juya masa lissafin zuwa kuɗin gida, sai ga shi da ƙyar ya haura rabin abin da ake sayar da ita a garinsu.

Tela bai yarda ba. Ya zaro tef daga aljihu, dillali na kallo, ya auna ta daga hanci zuwa wutsiya, ya tuɓe takalmi ya rarrafa ciki ya auna kujeru. Ko inci ɗaya ba ta rage ba. To a ilimin tela, yadi iri ɗaya, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, kuɗinsa ɗaya ne, in ka ga bambanci akwai ɓarawo a tsakani. Nan take ya yanke hukunci cewa dillalan garinsu ne ɓarayin, hukuncin kuma ya yi masa daɗi, don akwai biyu a cikinsu da suka taɓa raina masa ɗinki. Ya tambayi surukinsa yaya batun shiga da ita gida. Amsar ba sai an faɗa ba.

Ya koma ya fasa asusu, ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu, ya gaya wa duk wanda ke layin shago a share hanya. Matarsa kuwa bai gaya mata komai ba, cewa kawai ya yi ta wanke mayafinta mai kyau.

Ya sake tsallakawa ya biya kuɗin motar. A hanyar dawowa aka tsayar da su a bakin iyaka, Ba-Matsala na tuƙi, Tela na baya, don ya riga ya ce kujerar gaba tana da mai ita. Wani jami'in kwastan, dattijo mai gajiyayyar fuska, ya zagaya motar, ya leƙa inji, ya koma teburinsa ya yi 'yan latse-latse, sannan ya faɗi kuɗin fito. Tela ya yi murmushi ya ce ai an yi kuskure, ba ciniki ya zo yi ba, ya riga ya saya.

"Baba, motar ka biya," in ji jami'in. "Ƙofar ce ba ka biya ba."

Ya zaunar da shi a benci ya yi masa bayani da haƙurin wanda ya maimaita magana har ya daina jin muryar kansa. Maƙwabta suna da tashar jiragen ruwa, so suke motoci su yi ta sauka a wurinsu, don haka abin da suke karɓa kaɗan ne. A nan kuwa akwai kuɗin fito, akwai harajin girman inji, akwai harajin sayarwa da ake ɗorawa bayan an haɗa waɗancan, wato haraji a kan haraji. Gwamnati ta ce tana yin haka ne don ta kare kamfanin haɗa motoci na gida. Tela ya tambaya ina kamfanin yake, ya je ya saya a can. Jami'in ya ce wannan ba teburinsa ba ne. Da aka haɗa komai, sai ga ƙofa ta fi mota tsada. Abin da ya fi ƙona wa Tela rai a ranar ba kuɗin ba ne, ganewar da ya yi ce cewa dillalan garinsu ba ɓarayi ba ne, alhali tun daga filin motoci yake zaginsu.

Ba-Matsala ya zagaya ya juya kan mota. Aka ajiye ta a gindin bishiya a tsakar gidan ƙanwar, aka lulluɓe ta da tsohon labule, Tela ya ɗauki makulli ɗaya ya bar ɗaya, ya hau bas. Da ya sauka ya tarar an share layin shago kamar yadda ya ce, jama'a na jira. Maƙwabcinsa Mai Faci, wanda bakinsa ya fi famfonsa iska, ya dubi makullin, ya leƙa bayan Tela, ya tambaya ko motar ta tsaya fitsari ne a hanya. Daga ranar sunan Tela ya koma Mai Mota a Waje. Shi kuwa maimakon ya ɓoye makullin, sai ya ɗaure shi da zare ya rataya a wuya tare da tef. In baƙo ya tambaye shi ko yana da mota, sai ya ce yana da ita mana, tana ƙasar waje, da irin muryar wanda ɗansa ke karatu a can.

Matarsa ta saurari labarin tana ninke wanki. Da ya gama, ta ninke mayafin da ta wanke ta mayar akwati, ta tambaye shi wane launi ce motar. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Don kada jira ya zama zaman banza, Tela ya kira birkila ya yi wa motar gareji a filin da ke gefen shago, inda matarsa ke shanya. Awon yana kansa. Ya durƙusa ya zana a ƙasa da alli, tsawon mota da faɗinta, ya ƙara yatsu biyu ta kowane gefe. Birkila ya dubi zanen ya ce ranka ya daɗe, a ɗan ƙara faɗi. Tela ya ce ya san wannan waƙar, mai yadi ma haka yake cewa don a ƙara sayen yadi, mai bulo kuma don a ƙara bulo. Birkila ya sake buɗe baki, Tela ya tambaye shi motoci nawa ya taɓa aunawa a rayuwarsa. Birkila ya rufe bakinsa ya kwaɓa siminti. Gareji ya fito tsaf, siriri kamar kuben wuƙa, kuma Tela ya yi alfahari da shi ƙwarai.

Saura tara kuɗin ƙofa. Ya sami babban gwangwani, ya fara karɓar labulen shaguna da rigunan kujerun falo, ayyukan da a da yake kallo a wulaƙance. Shekara ta zagayo da 'yan watanni, gwangwani ya kai abin da jami'in ya faɗa. Ya ɗauka ya tafi iyaka da sabon takalmi, sai aka ce masa ya yi ƙoƙari, amma da sauran tafiya. Ba a ƙara haraji ko kaɗan ba. Abin da ya faru shi ne da kuɗin waje ake ƙiyasta darajar mota, kuɗin gida kuwa ya faɗi. Ɗan canjin da ke zaune a bakin tasha ya yi masa bayani yana fifita da damin kuɗi: motar tana nan inda take, gwangwanin ma yana nan yadda yake, tsakaninsu ne ya ƙara nisa. Can Tela ya gane ta hanyarsa. Kuɗin ƙasarsu irin yadin nan ne mai arha, ka yanka shi daidai, a wanke sau ɗaya ya tsuke.

Shekara mai bi ya tsuke, wadda ta biyo ta ya ƙara tsukewa. Tela ya sayi rediyo don jin farashin canji kawai, ya zama malamin layin shago. Mutum zai kawo aikin riga ya tafi da lacca kyauta, cewa motar nan da yake taƙama da ita, daga sitiyari zuwa gaba ne kuɗin kamfani, daga sitiyari zuwa baya kuɗin ƙofa ne, tayoyin kuma faɗuwar kuɗi ce ta ci su. Mai Faci yakan ce a duk garin babu wanda ya san kuɗin mota kamar mutumin da ke zuwa aiki a ƙafa. Gareji kuwa matarsa ta ɗaura igiyar shanya a cikinsa ta tsawo, kyanwar maƙwabta ta haihu a ciki har sau uku.

Duk bayan 'yan watanni yakan hau bas ya je gaida motar, ƙanwarsa ta sami ragowar gaisuwa. Yana sanar da zuwansa tun da wuri, Ba-Matsala ya tarbe shi a tasha, ya tarar da ita a gindin bishiya a lulluɓe. Sai ya wanke ta da kansa, ya goge, sannan surukin ya kai shi filin ƙwallon makaranta ya koya masa tuƙi. Filin yana da faɗi, don haka Tela ya ƙware a tafiya gaba da zagaye. In ya tambayi yadda ake komawa baya, Ba-Matsala ya ce wannan darasin ƙarshe ne, ba matsala.

Wani abu dai yana damunsa. Duk zuwa sai ya tarar rigar kujerar baya ta ci wuya, ta suɗe a wuri huɗu, ta direba ta yi ƙyalli da maiƙo, sai ya canza su. Ta kujerar gaba da ke gefen direba kuwa tun ta farko da ya ɗinka mata ce, tana nan sabuwa fil, har layin allinsa bai goge ba. Ba-Matsala ya ce yana ɗan ɗumama inji ne kada ya mutu, yadi kuma iskar ƙasarsu ce ke cin sa, lotsawar da ke jikin ƙofa kuwa 'ya'yan bishiya ne ke faɗowa. Wani zuwan Tela ya tsinci takalmin jariri a ƙarƙashin kujera, wani zuwan ɓawon albasa a but, wurin zuba kaya. Mutumin da ke gane nauyin mai mota da tafin hannu ya san sarai iska ba ta da mazaunai huɗu. To amma in ya yi faɗa da mai bishiya, ina zai kai motar? Sai ya haɗiye, ya cire tsohuwar riga ya saka sabuwa.

Haka aka yi ta yi har furfura ta gama kansa, gwiwar matarsa ta kai sai da sanda in za ta yi nisa. Sai wata safiya rediyon nan da ya saya da guminsa ya gaya masa cewa daga ƙarshen shekara, duk motar da ta wuce wasu shekaru da ƙerawa ba za ta shigo ba, ko nawa za a biya. Tela ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa, 'yar ruwan tokarsa tana ciki. Ya buɗe gwangwani, bai ma ƙirga ba, ido ya isa.

Ya shiga gida da rana tsaka, abin da ba ya yi, ya cire makullin daga wuya ya ajiye a gaban matarsa. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta bari a ɗaga kai.

"Maman yara, na kasa," ya ce. "Na yi miki alkawari ina yaro, ga shi na tsufa a kansa. Gobe zan je in sa a sayar da ita."

Ta dubi makullin ta ce ya bari ta fara yi wa ƙanwarsa waya. Ya ce ba ya son a yi wa kowa waya, ba ya son a tarbe shi, zuwa zai yi ya dawo. Ta buɗe baki ta rufe, kamar dai birkila, sai dai ita akwai ɗan murmushi a gefen bakinta wanda ya ɗauka na haƙuri ne.

Wannan ne karo na farko da ya sauka a tashar can babu mai jiransa. Ya tsaya neman tasi. Sai ga wata ta taho tana hayaƙi, buhuna a kan rufi, ƙura ta rufe launinta, direba ya zuro kai yana kiran unguwanni da wata murya da Tela ya sani. Kafin ya gane motar ya gane ɗinkinsa, don ta taga ya hango layi biyu na jan zare da babu mai yin irinsa. Ya miƙa hannu ga ƙofar gaba, sai wata mata mai kwando ta yi masa magana daga baya, ta ce da gani baƙo ne, wannan direban ba ya ɗaukar gaba ko wane ne, a shigo a matsa. Ba-Matsala ya waiwayo, idonsu ya haɗu. A karo na farko a tarihinsa ya buɗe baki amsar ta ƙi fita.

Tela ya shiga baya, shi ne na biyar, aka ɗora masa kwando a cinya, ya zauna a motarsa yana jin yadda ake murza masa yadi ta dama da hagu. Kowa ya zo sauka ya miƙa kuɗi ta kan kafaɗarsa. Matar mai kwando da ta zo sauka ta tuna masa ya biya, don ta lura tsofaffi suna da mantuwa a daidai wannan wurin.

A tsakar gida fushin ya fashe. Ya yi maganar amana, ya yi maganar zumunci, ya yi maganar iskar da ke cin yadi. Ƙanwarsa ta bar shi ya gama, ta kawo masa ruwa.

"Yaya, ba shi ya fara ba," ta ce. "Matarka ce ta yi min waya, tun dawowarka ta biyu daga iyaka."

Ashe cewa matar Tela ta yi kuɗin gida tsukewa yake, mijin nata ba zai taɓa kamo motar da gwangwani ba. A sa motar ta nemi kuɗin ƙofarta da kanta, a kuma ajiye rabonta da kuɗin can, waɗanda ba sa shan wanki kamar na gida. Ƙanwar ce ke karɓa kowace yamma kafin Ba-Matsala ya tuɓe takalmi, don ta san mijinta. Ba a gaya wa Tela ba saboda an san zai gwammace motar ta ruɓe a gindin bishiya da baƙo ya zauna masa a kan ɗinki da jiƙaƙƙen wando. Tun bara kuɗin suka kusa, bana kuma tsufan motar da dukan da ta sha sun rage mata daraja a idon kwastan, sai aka haɗu a tsakiya. Da ma a wannan watan za a kira shi.

Ba-Matsala da ya ga iska ta juya sai murya ta dawo masa. Ya ce ai da tuni an gama, ba don sharaɗin matar Yaya ba: a ɗauki kowa da komai, amma kujerar gaba babu mai zama. Shekaru yana asarar fasinja biyu a kowane sawu, direbobi na yi masa dariya a tasha, matarsa ma a baya take zama.

Tela ya tashi ya tafi gindin bishiya, ya buɗe ƙofar gaba ya daɗe yana kallon layin allin nan. Motocin tasin da suka sha shiga shi da matarsa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, da dariyar da yake yi mata. Tausayinta da kunyar kansa suka haɗu suka kama shi. Da ya ji takun ƙanwarsa, sai ya yi maza ya koma duba kujerar baya, ya ce a dai shaida, duk da wannan lodin, ɗinki bai ɓalle ko a wuri ɗaya ba.

A iyaka ya tarar dattijon jami'in ya yi ritaya. Wani matashi ne ya karɓi kuɗin ya buga hatimi, ko kai bai ɗaga ba. Tela ya so a ce an ɗan yi gardama, don yana ganin shekarun nan sun cancanci abin da ya fi ƙarar hatimi.

Ba-Matsala ya tuƙo har bakin layin shago, nan Tela ya ce ya sauka. Mai Faci ya fito da taya a hannu ya ce lallai fitsarin ya yi tsawo, amma shi ne na farko da ya daki rufin motar don murna. Tela ya lallaɓa ta zuwa ƙofar gida. Matarsa ta fito da mayafin nan, yana ƙamshin akwati, layin ninki a jikinsa. Ya zagayo ya buɗe mata, ya karɓi sandarta ya sa a baya. Ta zauna a hankali. Ya tambaye ta ina za su, ta ce a fara kai motar ɗakinta, ta gaji, ta daɗe tana ci-rani.

Daga ƙofar gida zuwa gareji ba wata tafiya ba ce, amma jama'a suka rako su. Tela ya sa aka naɗe madubai, ya kama sitiyari yadda yake kama yadi a ƙarƙashin allura, ya saita, ya shige miƙe tsaf, yatsu biyu ta dama, yatsu biyu ta hagu, ko ƙwarzane babu. Aka tafa. Ya kashe mota, ya gyara zaman tef a wuyansa, ya ja hannun ƙofa. Ƙofar ta buɗe yatsu biyu ta daki bango.

Matarsa ta gwada tata, ita ma yatsu biyu. Daga bayan motar aka ji Mai Faci ya zauna a ƙasa don dariya. Birkila, wanda tsufa bai hana shi zuwa kallo ba, ya juya ya tafi da fuskar wanda ya warke daga doguwar jinya. Tela ya ƙwala wa surukinsa kira ya ce lokacin darasin ƙarshe ya yi. Ba-Matsala ya sunkuyo ta wajen but ya ce ba matsala, ba sai ya koya ba, ai ribas ɗin, giyar komawa baya, ya daɗe da mutuwa, shi ya sa kullum yake neman wurin zagaye.

Waje ya kaure da shawara. Wasu suka ce a ɗaura igiya a ja ta, wasu suka ce a fasa bango, wani ya ce a ɗage rufi a zaro su ta sama. Mai Faci ya ruga ya kawo igiya yana share hawaye. Tela na zaune gumi na keto masa, bango a dama, bango a hagu, bango a gaba, duk awonsa ne. Ya kasa kallon gefensa.

"Maman yara, ki yi haƙuri," ya ce. "Yanzu za su jawo mu."

Ita kuwa ta riga ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ta jingina, ta ɗora ƙeya a inda ya auna don ƙeya. Kafaɗunta na rawa, ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Wa ya ce maka ina sauri, Malam?" ta ce. "Ka ce su je su huta tukuna. Tun ina budurwa nake jiran shiga, yau kuma za ka dame ni da fita." Ta shafa yadin da tafin hannu, ta danna gefen kujerar, ta sake jingina. "Ɗinkin ya yi."

Tela ya duba ta madubin sama ya yi wa Mai Faci alama ya ajiye igiyar. Sannan ya lashi babban yatsansa, ya miƙa hannu gefen kujerarta, ya goge layin allin.